Malam Ishiyaku, Mutumin da Bai Yarda da "Lafiya Lau" Ba

"Malam, ba ni makullina."

"Ba zan bayar ba."

"Buhun siminti ɗari biyu na jirana a Kano. Ɗan kwangila ya ce kafin Juma'a!"

"Ya jira. Siminti ba ya mutuwa. Kai kana mutuwa."

A ƙofar ɗakin shan magani na Gwaram ake wannan, wata Talata da hantsi, shekara uku da suka wuce. Mai neman makullin Alhaji Badaru ne, direban babbar mota, ƙato, wuya kamar na bijimi. Wanda ya hana shi ɗan siririn dattijo ne cikin farar rigar da ta sha wanki har ta gaji. Malam Ishiyaku ke nan, malamin asibitinmu. Ciwon kai kawai ya kawo Badaru, ya zo karɓar ƙwaya biyu ya wuce. Ya ajiye makulli a kan tebur don a naɗa masa abin awon jini a damtse. Malam ya matsa robar, ya ga inda zaibar ta tsaya. Ya sake aunawa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauke makullin ya jefa aljihu.

Wannan mutumin ne ya ajiye aiki makon jiya, bayan shekara talatin da ɗaya. Ba a faɗa a rediyo ba. Jarida ba ta buga ba. To, ga shi an rubuta.

Tun zamanin En'e safiyarsa iri ɗaya ce. Ya idar da asuba, ya hau kekensa, ya buɗe ɗakin, ya share da kansa, ya ɗora allurai a kan risho su tafasa. Kafin rana ta ɗaga benci ya cika. A nan ne ya bambanta da kowa.

Mu a nan, ko mutum bai runtsa ba, ka ce masa "Ina kwana?" zai ce "Lafiya lau." Haka muka tashi. Faɗin wani abu daban rashin kunya ne, kamar mutum ya raina ni'imar Allah. Malam Ishiyaku yakan karɓi amsar, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Wannan ta gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu ba ni ta gaskiya. Ƙarfe nawa ka kwanta? Sau nawa ka farka? Da ka tashi, kan ya yi nauyi?"

An yi masa dariya. A tasha har suna suka sa masa, Malam Yaya-Barci. Bai damu ba.

Ba a littafi ya samo tambayar ba, a damatsan mutane ya samo ta. Shekara da shekaru yana awo, sai ya lura da su wane ne jininsu ke hawa ya ƙi sauka: masu gadi, direbobi, masu shayin tasha, da matan da ke kwanciya bayan kowa su tashi kafin kowa don suyar ƙosai. Bai taɓa cewa rashin barci ne kaɗai ba. Akwai gishiri, akwai ƙiba, akwai gado, akwai damuwa. Amma yakan ce, "Zuciya ba ta da ranar hutu. Lokacin barci ne kawai take sassautawa. In ka hana ta wannan, ƙwayar da zan ba ka rabin aiki za ta yi."

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Kowa ya san abin da ya faru. Titi nan, ajin firamare can, kaya sun fi motoci yawa. Maza suka fara alfahari da rashin kwanciya. "Kwana uku haƙarƙarina bai taɓa tabarma ba!" Goro a baki, kofi a gwangwani, da 'yar ƙwayar hana barci da ake sayarwa a ɓoye. Sai ka ji ƙato ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. A ce iska ce ta buge shi. A ce sammu ne.

Haka aka ce da Maikuɗi, abokin Badaru, wanda ya faɗi a tashar Birnin Kudu yana ɗaure tamfol. Shi Malam ya tuna wa Badaru ran nan.

"Ka je gai da Maikuɗi?"

"Na je."

"Da wane hannu ya gaishe ka?"

"Da hagu," in ji Badaru.

"Jininka ya fi nasa hawa. Ɗari biyu da goma. Yaya barcinka?"

"Lafiya lau."

"Ka ji ka! To ka ba ni izini in tambayi maiɗakinka."

"Malam, matata za ka tambaya sirrina?"

"Kai kana barci, ita take ji. Wa zan tambaya, motar?"

Benci ya fashe da dariya. Badaru ya ga idon jama'a, ya ce a je.

Abin da Malam Ishiyaku ya gano ke nan, wanda masu manyan takardu ba su cika tunawa da shi ba. Namiji bai san barcinsa ba. Matarsa ce ta sani, ita kuma ba wanda ke tambayarta. Don haka yakan tura kekensa har gida, ya zauna a zaure, maigida na gefe, matar na bayan zana. Ba ya ganin fuskarta. Muryarta yake nema.

Zuliha, matar Badaru, 'yar Kangire ce, ba ta da kwana-kwana.

"Malam, a mako bai fi sau biyu ya kwana a gida ba. In ya kwanta kuma, minshari. Maƙwabta sun ɗauka injin niƙa muka saya."

"Zuliha!"

"Alhaji, kai ka ce in faɗa. Amma Malam, ba minsharin ke ba ni tsoro ba. Shirun ne. Sai ya ja, ya ja, sai numfashin ya ɗauke. In yi ta ƙirge har ashirin. Sai ya zabura kamar an shaƙe shi. Shekara biyu ke nan ni ma ban san barci ba, ina gadin numfashinsa."

Badaru bai taɓa jin wannan ba. Shekara biyu! Ya sunkuyar da kai.

"Rigingine yake kwanciya?" in ji Malam.

"Kamar sarki."

"Kina da goruba a gidan nan?"

Jama'a, goruba! Malam ya ce ta ɗinke ƙwallon goruba a bayan taguwar barcinsa, daidai tsakiyar kafaɗu. Da ya juya rigingine za ta soke shi, ya koma gefe, maƙogwaro ya buɗe. Ya hana goro da kofi daga la'asar. Ya hana ƙwayar tasha har abada. Ya ce a rage gishiri. Ya rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a Birnin Kudu, likita ya duba shi ya ɗora shi kan magani. Makullin kuwa ya miƙa wa Zuliha ta saman zana.

"Riƙe. Mako biyu. In ya matsa miki, aiko mini."

Simintin ya tafi a motar wani. Ɗan kwangila bai sake neman Badaru ba. Wata guda cur, in Badaru ya hango keken Malam sai ya sauya hanya. A tasha ana kiransa Alhaji Goruba, yana jin kamar ya daki mutum. Amma yana kwana a gida. Ciwon kan ya tafi. Jan idon ya washe. Da aka sake naɗa masa awo, ɗari da hamsin. Ya dubi zaibar, ya dubi Malam, ya ce, "Sake." Aka sake. Ɗari da hamsin! Ƙaton nan ya tashi ya rungumi dattijon har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Yau Badaru na tuƙi, amma rana na faɗuwa yake faka mota. Bai yi kuɗi kamar wasu ba. Yana ɗaga jikansa da hannu biyu.

Malam Ishiyaku, kai ne ka tambayi abin da kunya ta hana mu faɗa. Kai ne ka ji muryar matan da ke bayan zana, ka mai da ita shaida. An zage ka, an sa maka suna, an daina gaishe ka, ba ka mayar da makulli ba. Daga Kwandiko zuwa Unguwar Ya akwai gorubar da aka ɗinke a taguwa saboda kai, akwai magidantan da ke zuwa masallaci da ƙafarsu saboda kai. Ba za ka iya lissafa su ba, don wanda bai faɗi ba ba a ba da labarinsa. Mun gode. Allah ya saka, ya ba ka irin barcin da ka nema wa mutane.

Ku kuma sababbin ma'aikata da ake turo mana, kun fi shi karatu, ba musu. Ku ƙara da abu ɗaya. In mutum ya ce muku "Lafiya lau," kada ku tsaya nan.

Ranar Asabar aka yi masa ɗan taron sallama a ƙofar ɗakin maganin. Tabarmi, lemo, addu'a. Badaru ya kawo rago, ya kuma miƙa damtse ya ce sai an auna shi na ƙarshe. Ɗari da arba'in. Aka ɗauki kabbara.

Ana cikin haka wata sabuwar mota ta tsaya, ba a kashe injin ba. Ɗanbala ne, ƙanin Badaru, ɗan shekara talatin da biyar, wanda yanzu yake jigilar rodi daga Kano dare da rana. Ya duro, ido jajur, goro cike da kumatu. Ya durƙusa a gurguje.

"Malam, Allah ya sa a huta lafiya."

"Amin. Ɗanbala, yaya barcinka?"

"Lafiya lau, Malam. Sauri nake, sai na dawo."

Hannun Malam ya motsa, kamar zai miƙa. Amma abin awon an riga an mayar cikin akwati, an miƙa wa sabon malami, makullin kuma na jikin mota. Motar ta tashi. Kowa ya bi ta da kallo.

Daga ɓangaren mata, bayan zana, sai ga muryar Zuliha.

"To Malam, shi kuma wa zai karɓe masa makulli?"