Mama Nas ta rasu, wa zai shiga ɗakunan tsofaffinmu?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye ina dama wa Baba kunu waya ta yi ƙara. Ɗan Mama Nas ne daga Legas, yana kuka. Wai ta cika a asibiti bayan gari ya waye.

Ku yi haƙuri da rubutun nan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, sunanta Madam Ifeoma, 'yar Ibo ce haifaffiyar Jos, tsohuwar nas da ta yi ritaya. A unguwar Kwararafa take zaune. Amma daga can har Gada Biyu ba mai kiran sunan nan, Mama Nas kawai.

Shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki na san ta. Ya yi kwanaki a asibiti, sai wata rana da hantsi aka ce an sallame mu. "Ku je gida ku ci gaba da kula da shi." Iyakar maganar ke nan. Akwai masu jiran gadon, ban ga laifin kowa ba. Ni da yayana Sani muka tallabo shi a keke napep, ga robar fitsari a jikinsa, ga ledar magunguna a hannuna.

Ni tela ce. Keken ɗinki na sani, ban san jinya ba.

In na ba shi kunu sai ya shaƙe, idanunsa su yi ja, in tsaya ina ihu. Ban san ana juya marar lafiya ba. Kafin mu ankara bayansa ya ɓare, ɗakin ya fara wari. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota zuwa Maiduguri, ya koma juya fuska bango duk lokacin da zan gyara shi, don kunya.

Wata maƙwabciyarmu ce ta ce in nemi Mama Nas.

Cikin ruwan sama ta zo, da lemarta da tsohuwar jakarta. Ta duba gyambon, ba ta yamutsa fuska ba, ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi, "Hadiza, ka daina kuka, ka kawo ruwan ɗumi."

Hausarta ke nan, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji.

Ita ta nuna min yadda zan zaunar da shi kafin in ba shi abinci, da yadda ake sa filo tsakanin gwiwoyi. Da ta lura da kunyar Baba, sai ta tare Sani a ƙofar gida zai fita kasuwar Terminus. Ta ce, "Oga, babanka ne. Wanka aikinka ne, ba na Hadiza ba. Shigo in koya maka." Sani ya ajiye jakarsa ya bi ta ciki kamar ɗan firamare.

In ta shigo sai ta ƙwala wa Baba kira, "Direba, yau ina muka nufa?" Bakinsa a karkace yake, amma sai ya yi dariya.

Wata rana ta kalle ni ta ce in je in kwanta, ita za ta zauna da shi. Ranar ce na fara barcin kirki tun da aka sallamo mu. Na farka na tarar ta yanke masa farce tana ba shi labarin Jos ta da.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba. Duk inda aka dawo da tsoho daga asibiti mutanen gidan suka rasa yadda za su yi, ita ake kira. Gidan malam, gidan fasto, duk shiga take.

A daminar bana santsi ya kwashe ta a matakalar wani gida inda ta je duba wata tsohuwa. Ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aka ce ya yi kyau, aka sallame ta.

Zuwa ina?

Ɗakinta a saman bene yake, ba ta iya hawa. 'Ya'yanta ɗaya na Legas ɗaya na Fatakwal, likita kuma ya ce jikinta ba zai ɗauki doguwar tafiya ba. Aka kai ta gidan ƙanwar mijinta, ita ma tsohuwa ce da sanda take tafiya. Daga nan aka mayar da ita gidan wata 'yar cocinsu mai fita aiki tun safe. A wurin ƙaurar nan wasu magungunan suka tsaya a gidan farko. Mai zuwa motsa mata ƙafa bai san sabon gidan ba. Kowa ya ɗauka wani ne zai mayar da ita ganin likita.

Mu da muke sonta muka riƙa leƙawa, amma kowaccenmu ta bar nata majinyacin kwance a gida.

Juma'ar da ta wuce na je da farfesu. Ta rame ƙwarai. Da na ɗaga ta zan canja zanin gado, na ga bayanta. Irin gyambon Baba ne sak.

Na kasa riƙe kuka. Na wanke, na juya ta, na sa mata filo.

Ta ce, "Hannunka ya iya yanzu."

Na ce, "Mama, mu koma asibiti yau ɗin nan."

Ta ce to, amma hankalinta ba ya kan jikinta. Ta riƙe min hannu tana tambayar tsofaffin da take zuwa dubawa, "Kaka Ladi fa, wa yake juya shi? Malam Garba ya fara cin abinci?" Ban san amsar ko ɗaya ba.

Ranar muka mayar da ita asibiti da zazzaɓi mai zafi. Aka ce ciwon ya riga ya shiga jini.

Jama'a, wallahi tsoro nake ji. Matar da ta san komai game da jinya, jinyar gida ce ta gagare mu a kanta. Mu da ba mu san komai ba fa? Lokacin canja robar Baba ya wuce, jikinsa da ɗumi tun jiya, kuma ɗora shi a keke ba ƙaramar azaba ba ce gare shi. Ban san lambar wa zan kira ba.

Ɗazu Baba ya ga idanuna, ya tambaye ni da ƙyar, "Nas ta warke?" Na gyara masa bargo na fito tsakar gida. Na kasa faɗa masa.

Don Allah in akwai nas a Jos da take karanta wannan, ko wanda ya san wata mai zuwa gida, ku yi min magana ta akwatin saƙo. Ba ni kaɗai ba ce, gidajen da yawa. Ku kuma ma'aikatan asibiti, don girman Allah kafin ku sallami tsoho ku zaunar da mutum ɗaya daga gidan ku koya masa da hannu, ku tambayi inda za a kwantar da shi.

Allah ka ga abin da baiwar nan taka ta yi wa iyayenmu, ka saka mata. Ka ba 'ya'yanta haƙuri. Ka kawo wa tsofaffinmu da suke kwance a ɗakuna agaji, kada ka bar su a hannunmu mu kaɗai.

Musulmi da Kirista, kowa ya sa ta a addu'a yadda addininsa ya koya masa. Ku sa Babana ma, don Allah.