Jan Takalmin Tagwayena

Shekarun baya, lokacin da aka canza mana kuɗi zuwa naira, matata ta rasu ta bar min tagwaye mata. Kamarsu ɗaya sak, ni kaina sai na duba kunne nake bambanta su. Yayata mai sayar da ƙosai kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan ta ɗauki ƙaramar, babbar ta zauna da ni a Madakiya.

A wajenmu ba a yi wa ɗan tagwai abu a bar ɗan'uwansa, ana cewa ciwo yake kawowa. Ko rake na saya, sai na raba biyu na aika.

Wata Kirsimeti ƙaramar ta zo gida da jan takalmi, babbar ba ta da shi. Kafin damina, fararen tabo suka fito wa ƙaramar a hannu da gefen baki. Asibitin mishan suka ce ba kuturta ba ce, amma ban yarda ba. Jini ɗaya, ciki ɗaya, me zai taɓa ɗaya ya bar ɗaya in ba hannun mutum ba? Na fara tunanin ko yayata da ba ta taɓa haihuwa ba so take ta raba su, yarinyar ta zama tata.

Na dawo da 'yata gida. Duk ƙosan da yayata ta aiko, kare nake fara ba wa. Kare ya yi ƙiba har maƙwabta na tambaya.

Rannan yayata ta zo ta same ni ina jefa masa. Ta tsaya da kwano a hannu ta ce, "Ƙanena, ni na goye ka. Da zan kashe wani, ai da kai zan fara." Ta ajiye kwanon ta tafi. Ta daɗe ba ta tako gidana ba.

Kwanan baya jikata da ke karatu a kwalejin ilimi ta Gidan Waya ta ce min tagwaye rubutun halitta iri ɗaya ne a jikinsu, amma jiki yana buɗe wani shafi ya rufe wani, tun daga ciki, kuma abinci, ciwo ko damuwa na iya sa hannu. Na ce, "Takalmi fa?" Ta yi dariya har da hawaye.

Ni ban iya dariyar ba. Ƙaramar ce ta yi jinyar yayata har ta rasu, kuma a akwatin marigayiyar ta tarar da wani jan takalmi irin nata, sabo. Na babbar ne, tare yayata ta saya musu, ta ga zai yi mata kaɗan, ta ajiye tana jira ta canzo shi.