Ɗakin da Muka Kama a Waya

Shekarar da ƙodar Babanmu ta gaza ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, shi kuma yana gida Kebbe tare da Inna. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma mai babbar waya a gidan, don haka duk maganar da ta shafi likita ko birni a kaina take sauka. Likitan da ya duba shi a Sakkwato bai ɓoye mana komai ba. Ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda a kai a kai, in aka fara tsallake ranaku kuwa jiki ba zai ɗauka ba.

Mun gwada jeka ka dawo. A ɗauko shi daga Kebbe da sassafe, a sauka Tambuwal a canza mota, a miƙi hanyar Sakkwato ta Dogon Daji, ana tsayawa ana ɗaukar buhuna da awaki kamar ba mara lafiya a ciki. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. In mun dawo sai ya yini kwance ko ruwa ba ya iya riƙewa. Ba a daɗe ba kowa ya gane hanyar ce za ta riga ciwon gamawa da shi. Sai mu sami ɗaki kusa da asibiti, shi da Inna su zauna can.

Ba mu da kowa a birnin da zai iya ɗaukar mara lafiya na tsawon lokaci. Dillalan da na tambaya kuwa, kuɗin da suka ambata ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Da na rasa yadda zan yi sai na rubuta a zauren 'yan garinmu na waya, inda ake sanar da aure da suna da rasuwa. Na roƙi addu'a, na kuma ce duk wanda ya san ciki da falo mai sauƙi kusa da babban asibiti ya taimaka. Dangi suka yi ta amsawa a ƙasa. Wannan ya ce Allah ya ba kawunsa lafiya, waccan ta ce a gai da Inna, wani ya tuna yadda Baba ya yi masa huɗa kyauta shekarar da limamin unguwarmu ya rasu. Na ji daɗi ƙwarai a lokacin.

Washegari wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar saurayi ce mai sanyi, gaisuwarsa ma sai da na gaji.

"Yaya, na ga abin da kinka rubuta kan Baba," in ji shi. "Ni ma ɗan Kebbe na, can anka yanke min cibi. Wanga ciwo shi yai ajalin mahaifiyata. Na san abin da kuke ciki."

Ya ce yana da ciki da falo a gidan gadonsu, tafiyar ƙafa ce zuwa asibiti. Ya turo hotuna: shuɗin ƙyaure, dogonyaro a bakin ƙofa, ɗaki fes da siminti, ga famfo a tsakar gida. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin na dillalai ba, sai dai na shekara yake so gaba ɗaya. Ya ce ya rage ne saboda Allah, ladan ya je ga mahaifiyarsa. Shi yana aiki a Kudu, mabuɗi yana hannun ƙanensa, ranar da muka iso za a kawo mana.

Ni ba yarinya ba ce, na sha jin labarin damfara. Da na je Kebbe a ƙarshen mako na ce a bi a hankali. Inna ta ce in kira shi ta ji da kunnenta. A wurinmu ba takarda ake tambayar mutum ba, gidansu ake tambaya.

"Kai ɗan wane gida na?" in ji Inna, ta kanga wayar a baki kamar za ta cije ta.

Ya ambaci unguwar da ke bayan tamu. Ya ce yana yaro aka ɗauke shi zuwa birni, amma yana tune da rasuwar liman, yana tune da Baba da shanunsa na huɗa. Har ya tambayi lafiyar Baffa, ƙanen Babanmu, da sunan da 'yan gida kaɗai ke kiransa. Inna ta share hawaye da gefen mayafi. Babu ɗayanmu da ya tuna cewa duk abin da ya faɗa yana nan a rubuce a ƙarƙashin roƙona, dangi ne suka zuba shi da hannunsu.

Duk da haka Baba ya ce ba a sayen abu sai ido ya gani. Aka tashi Baffa ya je Sakkwato. Kafin ya tafi saurayin ya sake kira, ya ce yana da roƙo guda. Akwai wani dattijo da ke zama a ƙofar gidan, wan mahaifinsa ne. A gaishe shi da kyau, amma kada a yi masa maganar haya. In dangi suka ji ya karya kuɗi za su yi ta surutu, shi kuma ba ya son alherin da ya yi wa mahaifiyarsa ya shiga bakin mutane, kada lada ya zube.

Wallahi har yau in na tuna wannan roƙon sai zuciyata ta tafasa. Ya san mu ciki da waje. Ya san ko za a yanka mu ba za mu tona alherin da mutum ya ce a rufa masa ba.

Baffa ya dawo da yamma yana fara'a.

"Na ga gida da idona," in ji shi. "Ƙyaure shuɗi, ga icce bakin ƙofa, yadda anka nuna ga hoto. Dattijon ma na ishe shi. Munka gaisa, ya ba ni ruwa, munka yi La'asar tare. Mutanen kirki na."

Na ce, "Baffa, ka shiga ka ga ɗakin?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba ɗiyata! In kutsa gidan mutane da matan aure ciki? Mi za a ce da ni?"

Babu wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. Haka aka yi mana tarbiyya.

Abin da ya rage shi ne kuɗi, kuma abin da ke gidan mai daraja shanun huɗa ne, bajimai biyu, fari da ja. Baba ne ya hore su tun suna maruƙa. Mutum ne mai faɗa, mu 'ya'yansa mun sha tsawa, amma ban taɓa jin ya ɗaga wa shanun nan murya ba. Inna kan tsokane shi ta ce da za a ba shi zaɓi tsakaninta da jan, ta san inda za ta kwashe kayanta ta nufa. Saurayin kuwa ya fara kira safe da yamma, wai wani ɗan kasuwa ya matsa yana son ɗakin, shi kuma ba ya son ya ba mu kunya. Baba ya sa aka kira maƙwabcinmu da ya daɗe yana sha'awar shanun. Da aka zo kwance su bai fito ba. Ya juya fuska bango ya ce barci yake ji.

Ni na je shagon tura kuɗi a Tambuwal. Sunan da ya fito a asusun na mace ne. Na kira saurayin na tambaya, ya yi 'yar dariya ya ce na iyalinsa ne. A nan maganar ta tsaya, don ba a bin namiji da tambaya a kan matarsa. Na tura. Ya yi godiya, ya yi wa Baba doguwar addu'a har na ce amin da ƙarfi a tsakiyar shago.

Ranar tafiya muka yi shatar mota. Aka ɗaura katifa a sama, aka zuba tukwane da tabarmi da buhun gero. Baba ya sa Inna ta cika kwano da man shanu, ya ce ba a sauka gidan mutum hannu wofi. Shi ya riƙe kwanon a cinyarsa har Sakkwato. Tun daga Dogon Daji nake kiran lambar ana ce mini a kashe take. Na ce wa kaina matsalar sabis ce.

Mun sami gidan ba wuya. Ga ƙyauren, ga itacen, ga dattijon a kan tabarma. Da ya ga katifa a saman mota sai ya miƙe tsaye a hankali, ya dafa kai. Bai bari mun gama sallama ba.

"Inna lillahi," in ji shi. "Ku ma?"

Gidansa ne, shi ya gina shi, kuma ba shi da wani ɗan ƙane a Kudu. A da ya taɓa ba da ɗakin haya, wani dillali ya ɗauki hotuna ya sa a waya, daga nan hotunan suka shiga duniya. Yanzu ɗansa ne da amaryarsa a ciki. Ya ce ba mu ne na farko ba, kuma duk waɗanda suka zo da mara lafiya suka zo. Sai ya gane Baffa.

"Bawan Allah, ba kai na munka yi salla tare ba? Don mi ba ka tambaye ni ba? Kalma guda ta isa!"

Ni kuwa na tsuguna a gindin itacen nan ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ban damu da masu wucewa ba. Baba yana zaune a cikin mota. Da dattijon ya kawo masa ruwa ya sha, sai ya miƙa masa kwanon man shanun ta tagar mota. Dattijon ya ƙi karɓa. Baba ya ce, "Don mai gidan ga anka kawo shi. Kai na mai gida." Dole ya karɓa.

Ya ba mu zaurensa muka kwana, aka yi wa Baba wankin ƙoda washegari, muka juyo da katifarmu a saman mota. Na kai ƙara inda ake kaiwa, aka rubuta, aka ce in an ji wani abu za a neme ni. Na je banki aka ce an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga. Ban zargi kowa a cikinsu ba. Mutumin da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, ina za a fara nemansa?

Muka koma jeka ka dawo da ɗan abin da ya rage da abin da dangi suka haɗa. Sai aka fara tsallake rana, sai mako. Da damina ta sauka, kullum da safe maƙwabcinmu yakan wuce da shanun ta ƙofar gidanmu zuwa gonarsa. Jan yakan ja ya tsaya a bakin zaurenmu sai an kora shi. Baba ya sa aka mayar da shimfiɗarsa ɗakin ƙurya. Wata safiya na zo daga Tambuwal da kuɗin mota, ya ce in mayar da su jaka.

"Ɗiyata, na gaji da hanyar ga. Ku bar ni gida."

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce ya dubi Inna. Ya ce ya dube ta, shi ya sa ba ya son a sayar da gonar ma. Bai ga kaka ba.

Na sa sanarwar rasuwarsa a zauren nan na waya tare da hotonsa, wanda yake sanye da farar hula ranar wata Salla. Haka kowa ke yi. Dangi suka yi ta ta'aziyya a ƙasa, har da masu tuna shanunsa, fari da ja, da ya sayar. Tun daga lokacin duk wanda na ji yana neman ɗaki a birni sai na tare shi. Ina ce masa ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ya tambayi wanda ya tarar a ƙofa gidan wane ne, kada ya tura ko sisi sai mabuɗi na hannunsa. In an ce masa ya rufa asiri, to nan ne ma zai buɗe baki. Wasu su yi godiya. Wasu su ce Malama ta cika zargi, ai ba duka aka taru aka lalace ba. Baffa kuwa ya daina zuwa Sakkwato ko da biki ne.

Bayan damina ta sake zagayowa, ina cikin aji wata mata ta kira ni. Ta ce daga Sanyinna take, a zauren nan na waya ta sami lambata. Mijinta ne ke fama da ƙoda. Ta ce ta kira ne ta yi godiya, don ƙanena ya ba su ɗaki kusa da asibiti a kan kuɗi kaɗan, saboda ladan ya je ga mahaifinmu. Ya ba ta labarin yadda Baba ya sayar da shanunsa, fari da ja. Har hotonsa ya turo mata, mai farar hula. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, amma ita zuciyarta ta kasa daurewa.

Ba ni da ƙane namiji. Na fita daga aji na jingina da bango.

Na ce, "Baiwar Allah, ƙyauren gidan shuɗi ne?"

Ta ce, "I, da icce bakin ƙofa."

"Kun tura kuɗin?"

Ina jin kukan awaki a bayanta, da muryar namiji yana tari.

"Jiya munka tura," in ji ta. "Gonar munka sayar. Lafiya dai ko?"