Tsohon Tela a Bencin Asibiti

Wani direba ya zo mayar da keken marasa lafiya da aka ara wa amininsa, wanda suka binne shekaranjiya. Yana jiran takarda, sai idonsa ya tsaya kan wani tsoho a layin likitan ƙwaƙwalwa.

Siriri ne, rigarsa a goge. Da gani tela ne, don ƙafarsa ta dama tana taka ƙasa a hankali kamar keken ɗinki na ƙarƙashinta. Matarsa na share masa baki, shi kuwa yana dubanta da ladabin da ake yi wa baƙuwa.

"Malam, yau ka gane ni?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, aiki ya yi yawa. Ki dawo jibi."

Ta kau da kai. Direban ya san wannan kau da kan, wata takwas ya yi yana yin irinsa lokacin jinyar amininsa.

Can sai tsohon ya ɗora hannu a kafaɗarta, yana aunawa da yatsu. "Sha huɗu. Naki ba sai na rubuta ba."

"Sha huɗun tun ina amarya ne," ta ce, tana matsowa kusa. "Sake aunawa, Malam, na ƙara jiki."