Simayar Dutse

Mijina malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gadarif, har shekarar da aka yi ta korar malamai "don maslahar jama'a". Bayan korar, wani attajirin hatsi ya ɗauke shi awon dawa da riɗi a kasuwa. Mun daɗe da aure a lokacin, Allah bai ba mu haihuwa ba.

Wata rana ya ji a rediyo an gano wani dutse a sama, tsakanin duniyoyin Marrihi da Mushtari, yana zagaya rana tare da dubban irinsa. Ya kasa riƙe bakinsa. Yana awo yana yi wa 'yan kasuwa bayani: sai an bi dutsen shekaru, an tabbatar da hanyarsa, sannan a bar wanda ya gano shi ya raɗa masa suna.

"Da ni ne," in ji shi, "da na sa masa sunan da na ajiye wa 'yata."

Ranar Juma'a attajirin ya gayyace mu simaya, wato suna, wai an yi haihuwa a gidansa. Na sa tob ɗina mai kyau, wato lafaya, na sayi sabulu da turare. Muna zaune ana shan jabana, wato gahawa, uwargidansa ta fito da abu a naɗe cikin tawul, ta ɗora min a cinya. Nauyin ya ba ni mamaki. Na buɗe. Ɗan dutsen niƙa ne, an zizara masa kwalli.

Mata suka rangaɗa guɗa. Aka jawo mijina daga wajen maza har tsakar gida.

"Mabruk, ya ustaz!" in ji attajirin. "Ga 'yarka ta sauko daga sama. Raɗa mata suna mu ji."

Wata tsohuwa ta ce in ba ta nono. Aka sake fashewa da dariya.

Mijina ya matso kusa da ni. Ya ɗauke dutsen daga cinyata, ya ajiye a ƙasa, ya kama hannuna muka fita. Takalmina ɗaya a can na bar shi.

Washegari ya koma wajen awo, don ba mu da wani abin yi. Sunan Abu Hajar, uban dutse, ya bi shi har yara suna kiransa da shi a ƙofar gidanmu. Da kaka ta zo ya tafi yankan riɗi garin Hawata, zazzaɓi ya kama shi a gona, ya rasu. Attajirin ya zo ta'aziyya, ya ci abinci, ya ce marigayi mutum ne mai son raha.