Ranar da aka gyara ƙofar Inna

Mun tsaya a bakin kasuwar Yelwa, Baba ya kashe mota ya fita, Inna kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Farkon lokacin da aka ba mu jihar Kebbi ke nan. Ƙusoshin da ƙofar motar ta gefen Inna ke juyawa a kansu sun cinye, ba ta buɗuwa sai Baba ya zagayo ya tallabe ta da gwiwa. Matan layin kifi suka ɗauka tsabar tarairaya ce, har suna goranta wa mazansu.

To, ranar da safe mai gyaran bodi ya buga sababbin ƙusoshi.

Baba ya leƙo ta tagarsa. "Hajiya, mi kike jira? An gyara ta, tura kawai."

Inna ta saita mayafi, ta dubi matan da suka bar kifinsu suna kallo. "Malam, ni na ce a gyara? Zagayo."

Ya zagayo kuwa, har da ɗan nishinsa.

Yau na ga irin motar a wani gareji, dariya ta kama ni. Ku fa, me ya lalace a gidanku da gyaransa ya zama ɓarna?