Inna da Kaboyi Marar Sallama

Shekarun baya, lokacin da gubar dalma ta addabi ƙauyukanmu, na yi aikin tafinta a wani asibiti a Anka, inda ake jinyar yaran da aka kwaso daga su Tungar Daji da Duza. Aikina in tsaya tsakanin Turawa masu jinya da iyayen yara, wannan ya faɗa in juya wa wancan. Ranar da wata Baturiya da muka saba za ta koma ƙasarsu, sai ta bar mini kwali guda cike da tsofaffin littattafai, ta ce na kakarta ne. Ni na ɗauka na ilimi ne, har da godiyata mai tsawo. Da na buɗe sai na tarar labarin soyayya ne na kaboyi, makiyayan Amurka masu doki da bindiga, irin mai dogon zangon nan, littafi na bin littafi tun daga kaka har jikoki. Takardun sun yi ja don tsufa, kowane bango kuma da hoton wani ƙato mai malafa, riga a buɗe, ya tallafo wata mace da ke shirin faɗuwa ta baya.

A asibitin akwai wani saurayi mai irin aikina, shi da Fulatanci. Ba sai na ja ku da nisa ba, mun daidaita. Matsalar ita ce rugarsu na bayan garinmu, can wajen Gwashi, kuma Inna, mahaifiyata, ta san gidansu sarai. Tun ina ƙarama shanunsu ke sauka gonarmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Wata shekara aka yi sake, shanun suka shiga tun ba a kwashe dammunan gero ba, suka yi ɓarna mai yawa. An je gaban hakimi, an biya, magana ta mutu a wajen maza. A wajen Inna ba ta mutu ba. Da na aika mata zancen auren ta bakin ƙanwarta, amsa ɗaya ta bayar: ba da ɗan gidan nan ba. Baba ya ce shi bai ƙi ba, amma ba zai karɓi goron kowa ba matarsa na fushi. Can kuma mahaifin saurayin ya ce in aka gama girbin bana ba a ba su amsa ba, 'yar baffansa na nan tana jira.

Cikin wannan damuwar na buɗe littafin farko don in rage tunani. Me zan gani? 'Yar manomi ce ke son ɗan mai shanu, iyayensu kuma ba sa ga maciji saboda shanu sun taɓa karya shinge sun cinye masara. Na tashi zaune. Na ce shi ke nan, Allah Ya kawo mini mafita a cikin kwali. Inna akwai son labari, ko girki take rediyonta na gefe. Zan riƙa karanta mata duk Asabar in na je gida, ta ji tausayin yaran nan, zuciyarta ta yi laushi ba tare da ta san ni na tausasa ta ba. Ranar har yaba wa kaina dabara na yi.

Asabar da la'asar muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, na fito da littafin. Inna ta karɓa ta ƙura wa bangon ido.

"Wanga ba shi da maɓalli na? Ita ko mi ya same ta, hwarhwaɗiya?"

Na ce, "So ne, Inna."

"To naɗe shi da takardar siminti, kada matar liman ta shigo ta ishe muna kallon ƙirjin arne."

Haka muka fara. Ina karantawa da Turanci a zuci, ina juya mata da Hausa. Ba mu yi nisa ba jarumin, wato ɗan mai shanun, ya iso garin a kan doki, ya sa ƙafa ya bankaɗe ƙofar wani gida ya shiga. Inna ta ɗago.

"Ya yi sallama?"

"A'a, Inna."

"Ya gaida mutane?"

"Kallonsu kawai ya yi, ya tofar da yawu."

Daga ranar sunansa ya koma Marar Sallama. Ita kuma budurwar Sumammiya, domin ba ta jin labari, mai daɗi ko marar daɗi, ba ta sume ba. Da na ce idanunta kore ne, Inna ta tambaya ko mage ce. Da marubuciyar ta cinye shafi guda tana kwatanta haɓar mutumin, Inna ta ce in tashe ta in an iso wuya. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne mutum ya yi mako yana keta daji, ba wanka ba alwala, ya sauko daga doki yarinya ta ce ƙamshinsa ya tafi da hankalinta. Ta ce ai dole hankali ya tafi, ba so ba ne ke sumar da ita, tsami ne. Kuma har muka gama littafin ba ta daina tambaya ba: shi wannan daga uwa sai uba, ba baffa ba gwaggo, daga rami suka fito?

Akwai wuraren da ba sa karantuwa gaban uwa, kuma suna da yawa. In na iso irinsu sai in ce, "Sai aka yi ruwan sama," in tsallake shafi uku ko huɗu. Na ɗauka na iya. Wata rana bayan ruwa na biyu a yini ɗaya, Inna ta ce, ba ta ko ɗago kai daga gyaɗarta ba, "Ke kin ce garin ga hamada na, amma ruwa kullum. Kuma in anka yi ruwa sai a yi suna. Ruwansu da albarka." Na rasa inda zan sa fuskata, ita ko ta yi ta dariya har da tari.

Mun yi nishaɗi ƙwarai, ban taɓa zama da Inna muna ƙyaƙyatawa haka ba. Sai dai dabarata ta juye da ni. Duk cikin mutanen littafin, Inna mutum ɗaya ta ɗauka nata: tsohon manomin da ya hana 'yarsa. Ta ce shi kaɗai ne mai hankali a garin. In Sumammiya na kuka, ni har rawar murya nake ƙarawa, Inna ta ce kukan banza, ta je ta taya uwarta aiki. A hanyata ta komawa Anka ina ganin gero ya fitar da kai, ya yi ƙwaya, ya fara sunkuyawa, wa'adin girbi na matsowa. In saurayin ya tambaye ni, "Ya Inna?" sai in ce muna tsakiyar kwali. Ya ce shi dai bai taɓa jin an nemi aure da kaboyi ba.

Ranar da abin ya fashe, mun iso inda mai shanun ya aiko baransa da jakar zinariya, diyyar masarar, tsohon manomi ya ɗauka ya wurga a rijiya. Na ga dama ta samu. Na ce, "Kai Inna, wannan taurin kai ne. An fa biya shi."

Inna ta ajiye gyaɗar hannunta.

"An biya shi. Wa yaz zo mai jaje?"

Ba ta jira amsata ba.

"Matar mai shanun ga, ba ke kin ce amalanke guda sunka shigo garin da matar manomi ba? Ta tako ƙahwa ta zo? Shanu dabba na, mi sunka sani? Sun ga gero sun ci. Amma mutum! Mutum da kunka ci tuwo ƙwarya guda, ranar da anka haihe ki ita ta kawo man da anka shahwa miki. Shi ɗauke ƙahwa ɗungum, ko kasuwa in ta hange ni sai ta sake hanya, awa ni na ci nata?"

Sai a lokacin na gane Inna ta daɗe da barin ƙasar kaboyi, tana tsakar gidanmu. Ashe mahaifiyar saurayin nan ƙawarta ce ta ƙut da ƙut, ni ban ma tuna ba don ina ƙarama. Ashe ba gero ke cin Inna ba duk shekarun nan. Na ji tausayinta ya kama ni har na kasa ci gaba da karatun. Ita ko ta share ido da bakin zane, ta ce ƙurar gyaɗa ce.

Ran Litinin na kwashe duka na faɗa wa saurayin. Ya dafe kai, ya ce, "Innalillahi." Ya ce shi kuma abin da ya tashi yana ji a gida daban ne. Mahaifiyarsa cewa take ba ta da idon da za ta kalli Inna bayan abin da shanunsu suka yi. A wajensu, wanda ya jawo abin kunya ja da baya yake yi, wannan nisantar ita ce ban haƙurinsa, sai an aika an kira shi. Ta yi ta jiran aike daga Inna, aike bai zo ba, ta ɗauka an yanke ta ke nan. Inna na jiran a zo, ita tana jiran a kira. Muka kalli juna, muka rasa ko dariya za mu yi ko kuka. Ya ce zai kai wa mahaifiyarsa maganar.

Asabar ta gaba muna zaune, Marar Sallama na can yana harbe-harbensa, sai muka ji wata siririyar murya daga zaure: "Salamu alaikum." Wata dattijuwa ce doguwa, ƙwarya a kai rufe da faifai. Ta tsaya bakin ƙofa ta kasa ƙarasowa. Inna ta miƙe, gyaɗar cinyarta ta watse, kaji suka samu rabo. Matar ta sauke ƙwaryar, kindirmo ne da curin man shanu a sama, ta durƙusa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Na zo jajen gero."

Inna ta daɗe tana kallonta.

"Geron da anka ci tun ɗiyag ga na hiramare? Ke dai Bahillata, akwai ki da nawa."

"Kunya ta hana ni."

"Kunyar taki ta kusa kashe ni."

Sai Inna ta faɗa kanta. Kuka suke, dariya suke, ni ma ina gefe da littafi a hannu ina taya su duka biyun.

Da suka natsu aka dama fura, Inna ta ce in ci gaba da karatu, ita za ta yi wa ƙawarta bayanin baya. Ta kwashe labarin kaf, da ƙarin gishirinta. Baƙuwa ta saurara da kyau, har na iso inda aka ce mai shanun na da garke ya cika kwari. Ta ɗaga hannu.

"Duk shanun ga, wa ka tatsa?"

Na duba, na ce ba a tatsa.

"Ba nono, ba mai?"

"Babu."

"To yaya suka tahiya da su?"

Na ce a kan dawaki suke kora su da gudu, da ihu da harbi sama.

Ta kama baki. "Ba su kiran saniya da sunanta ta biyo su? Ɗiyata, duba da kyau. Waɗanga ɓarayi na, shanun ba nasu na ba."

Inna ta kwanta a tabarma don dariya. Kafin a gama zuba gero a rumbu Baba ya karɓi goro, kuma a ranin nan shanunsu suka dawo gonarmu.

Yau in na tuna, abin da ke tsaya mini shi ne yadda na zauna kusa da mahaifiyata shekara da shekaru ina ganin na san abin da ke ranta, alhali ban taɓa tambayarta ba. Sai da wani ƙazamin kaboyi ya shiga tsakani na ji. Littattafan suna nan a ɗakina cikin rigarsu ta siminti, in raina ya ɓaci nakan buɗe ɗaya in yi dariya, da muryar Inna nake jin kowane layi.

Ba mu taɓa gama kwalin ba. Bayan biki na ɗauko na ƙarshe na ce mu ƙarasa, surukata ta ce in dai har yanzu ba a tatsi shanun ba ita ba ta so. Inna ta karɓe littafin ta mayar cikin kwali.

"Bar su nan su yi ta harbin juna," ta ce. "Ai tun ranar hwarko na gane. Ɗiyag ga ba don Allah taka karanta min ba, miji taka nema. To ta samu."